Yayata ce ke da kansar mama, kuɗi sun ƙare kuma ta daina yi wa kowa magana

Autan_Hajiya ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Hajiyarmu, malamar firamare ce a nan Kano, yaranta huɗu. Tun wajen azumin da ya wuce ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, da yake ba ya ciwo sai ta share, da ya fara girma kuma aka shiga na Hausa, wannan ya kawo gari a sha da nono wancan ya kawo na shafawa, sai da fatar wurin ta fara canjawa sannan aka tafi asibiti. An yanki ɗan nama an kai gwaji, sakamako ya fito ciwon daji ne. Likita ya ce kemo za a fara, wato ruwan maganin kansa da ake sawa ta jijiya, sannan aiki, bayan aiki kuma gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken inji.

To ba a yi nisa da kemon ba kuɗi suka ƙare. An sayar da sarƙarta da 'yan kunne, mijinta ya sayar da mashin ɗinsa, ni ma ɗan abin da nake tarawa na aure ya tafi, kuma wallahi ban damu ba, matsalar dai ita ce yanzu babu abin da ya rage da za a ɗaga, ga ranar kemo na gaba tana matsowa.

Abokaina sun ce kawai in ɗauke ta bidiyo in sa a Facebook da TikTok da lambar akawun, wai haka kowa yake yi kuma ana samu. Da na gaya mata sai ta kalle ni ta ce Auta gara in mutu a ɗakina da a riƙa yawo da ni a wayoyin mutane, ɗalibaina su gani, iyayensu su gani. Mijinta ma bai so ba. Ni kuma ina ganin kunya ba za ta biya kuɗin magani ba, amma na kasa yi mata dole.

Abu na biyu ma ya fi damuna. Tunda gashin kanta ya fara zuba ta canja gaba ɗaya. Matar da in tana gida har maƙota sun san tana nan saboda hira da dariya, yanzu sai ta juya wa bango fuska tun safe har dare, in 'yan dubiya sun zo ta yi kamar tana barci, abinci sai an yi da gaske. Babbar 'yarta da ke aji uku na sakandare ita ke girki, jiya na tarar da yarinyar tana kuka a kicin ita kaɗai.

Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ta ina kuka bi kuka haɗa kuɗi ba tare da an tozarta mara lafiya ba? Kuma me ake yi wa mutum in ya shiga wannan halin na ƙin magana? Ni dai na rasa abin faɗa mata in ban da sannu.

---

Sarkin_Online:

Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Amma gaskiya malam ka yi bidiyon nan kawai. Mutanenmu in ba su gani da ido ba ba sa cire ko sisi, rubutu zalla ba wanda zai tsaya karantawa, kowa zai ce ɗan damfara ne. Ka sa mata niƙabi in fuskar ce matsala, a nuna takardun asibiti a nuna hannunta da ƙarin ruwa, ka tura wa masu manyan shafuka irin su Fauziyya D. Sulaiman da ke taimakon marasa lafiya a nan Kano. Ana maganar rai kuna maganar kunya. In ta warke ita da kanta za ta gode maka.

---

Sista_Wodi:

Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanina, Allah ya ba Yaya lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren masu wannan lalura, bari in faɗi abin da na sani.

Kafin ka roƙi kowa ko naira ɗaya, ka koma wurin likitanta ka ce a rubuta maka tsarin maganin gaba ɗaya a takardar asibiti mai hatimi: kemo sau nawa ya rage, wane magani ne, aiki, gashi, da ƙiyasin kuɗin kowanne. Abin da ke kashe mutane shi ne su tara kuɗin abu ɗaya su ɗauka an gama. Kemo yawanci duk bayan kwana 21 ake yi, sau 6 zuwa 8, kuma kafin kowanne sai an yi gwajin jini, in jini ya yi ƙasa a nemi ƙari ko allurar ɗaga shi, ga maganin amai, ga kuɗin mota. Gashi kuma kullum ne Litinin zuwa Juma'a na tsawon sati 3 zuwa 5, in ba a garinku ba ne ka ga akwai masauki da abinci na mutum biyu. Wannan kuɗin zaman shi mutane ke mantawa da shi a lissafi.

Ka tambaya ko an yi mata gwajin nan da ake yi a kan naman da aka yanka, mai nuna ER da PR da HER2. Shi ke faɗin irin kansar da kuma nauyin da ke gabanku. In mai bin sinadarin mata ce, bayan an gama za ta riƙa shan ƙwaya irin su tamoxifen shekara 5 zuwa 10, wannan da sauƙi. In kuma HER2 ce to akwai allurar trastuzumab duk sati uku har kusan shekara guda, ita ce mai tsadar gaske, gara ku sani tun yanzu.

Sai inda ake samun sauƙi. Duk asibitin koyarwa yana da ofishin walwala, mu muna ce masa sosiyal, ka je da kanka da katinta, kada ka aika. Akwai asusun gwamnatin tarayya na marasa ƙarfi mai suna Cancer Health Fund, an fara shi a 2021, kansa uku yake ɗauka: ta mama, ta bakin mahaifa, da ta furostet ta maza. Da asibitoci shida aka fara, a Arewa akwai na ABU da ke Shika a Zariya, da asibitin koyarwa na tarayya na Gombe, da National Hospital na Abuja, yanzu hukumar NICRAT, mai bincike da kula da cutar kansa ta ƙasa, ce ke kula da shi. Ba a hannu ake ba ka kuɗin ba, a asibiti ake cire kuɗin maganin daga ciki, kuma masu nema sun fi kuɗin yawa saboda haka ku cike da wuri amma kada ku zauna jiransa. Akwai kuma shirin rangwamen magungunan kemo da aka ƙaddamar a 2019 a wasu asibitocin koyarwa har da na Malam Aminu Kano da na Zariya, ka tambaya a famasi ko maganinta na ciki. Tunda kuma malamar gwamnati ce ka duba ko tana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, ko gwaje-gwaje kaɗai ya ɗauke ai an rage.

Ƙungiyoyi ma akwai, Medicaid Cancer Foundation ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu masu tattakin nan na watan Oktoba a Abuja, da Project Pink Blue su ma a Abuja suke, suna da masu yi wa mara lafiya jagora da kuma zaman haɗuwa na matan da ke da kansar mama. Dukkansu takardar likita za su fara tambaya, ka ga amfanin abin da na fara faɗa.

Maganar gashi, akwai Zariya akwai Sakkwato akwai Abuja, a 2025 ma an buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Duk inda aka tura ku, a kira tukunna a ji inji na aiki kuma layi ya kai ina, kafin a ɗauko mara lafiya a sa a mota.

Bidiyo kuma ni dai a'a. Jikinta ne, ta ce ba ta so, magana ta ƙare. Na sha ganin matan da aka yi wa haka suna zuwa kemo suna rufe fuska a layi don kada a gane su. Kuma abin da ka sa a intanet ba ya gogewa, yaranta za su girma su tarar da shi.

---

Maman_Ilham:

Ƙanina na karanta rubutunka sai da na ajiye wayar na ɗan zauna. Ni an cire min mama ɗaya, na yi kemo na yi gashi, yanzu ƙwaya nake sha kuma ga ni ina rubuta maka da hannuna, alhamdulillah. Maganar kuɗi na bar wa waɗanda suka fi ni sani, ni ta juya wa bango fuskar nan zan yi maka, don na san bangon nan.

Ba fushi take da ku ba. Wani ɓangaren ma jiki ne kawai, in an sa maka ruwan nan, musamman jan, wanda har fitsari yake rinawa, kwanakin farko bakinka ɗaci kamar ka tauna ƙarfe, warin soya mai ko daddawa ko turaren da ka fi so a duniya sai ya tayar maka da zuciya, magana kanta aiki ce. Sai a sati na uku mutum yake ɗan dawowa hayyacinsa, yana fara jin daɗin abinci kuma sai a ce gobe kemo. In kun gane wannan juyin za ku san ranar da za a bar ta ta huta da ranar da za a ja ta da hira.

Ɗaya ɓangaren kuma 'yan dubiya ne, Allah ya ba su lada amma wasu da sun zauna a gida ya fi. Mace za ta shigo ta zauna a bakin gado ta ce ayya, irin na wance ne, ita ma haka aka yanke mata wata uku ba ta ƙara ba. Wata ba fuskarki take kallo ba ƙirjinki take leƙe ta cikin hijabi tana so ta gane wanne ne. Wata ta kawo ƙullin magani ta ce in kin yarda aka sa miki ƙarfe shikenan, kina ji kina gani a sa miki kokwanto a kan abin da likita ya ce. Sannan su fita tsakar gida su yi ƙasa da murya, kai kana ɗaki kana jin ana ƙus-ƙus ka san da kai ake. To wa zai ƙi yin barcin ƙarya? Ni ƙanwata na sa a ƙofa, in an zo ta ce an gode tana hutawa, a yi addu'a daga nan. An ce mana masu girman kai, ban damu ba. Kai ne za ka zama wannan mai gadin, ko ka samu wata a dangi mai ido a tsaye.

Ka ce ba ka da abin faɗa sai sannu. To ka rage sannun ma. Mutum in ya yini ana ce masa sannu, ya jiki, sai ya ji shi ba kowa ba ne yanzu sai ciwo. Abin da ya fara dawo da ni, wata maƙociyata ce da ta shigo da tiren zogale ta ajiye a gabana ta ce taya ni gyarawa, ta hau ba ni labarin rigimar da aka yi a bikin 'yar wansu kan kayan gara, ko sau ɗaya ba ta ambaci ciwo ba, sai ga ni ina dariya har ɗinkin yana ja na. Yayarka malama ce, kuma ita ta raine ka. Ka je mata da matsalarka, ka ce Yaya yarinyar nan da nake nema ta ce kaza me kike gani, ka turo ƙaramin ɗanta da littafin lissafi ya ce Umma ban gane nan ba. A bar ta ta ci gaba da zama babba a gidan. Kuma kada ku riƙa ɓoye mata lissafin kuɗi, ta san an sayar da mashin ai, abin da ke cinta a rai shi ne ta zama kaya, in kuka yi shiru sai ta ƙiyasta abin da ya fi gaskiyar muni.

In ta ce tana tsoro kada ka yi saurin cewa haba Yaya ki daina faɗar haka, ina tawakkalinki. Tawakkalinta na nan. Ka bar ta ta faɗa, ka ce na ji, ka zauna. Ni abin da na kasa faɗa wa kowa a lokacin shi ne tsoron maigida zai ƙaro aure saboda na zama rabin mace, har sai da shi da kansa wata rana ya zauna ya aske min sauran gashin da ya rage da hannunsa yana tsokanata wai yanzu mun zama sai a rasa gane waye maigidan. Ka ja mijinta gefe ka gaya masa, kalma ɗaya daga bakinsa ta fi ta dangi duka. Maza da yawa ba mugunta ba ce ke sa su shiru, rasa abin yi ne.

Gashin kai zai dawo, ka faɗa mata inji wadda nata ya dawo, nawa ma ya fi na da laushi. Ɗankwali da hijabi sun rufa mana asiri a nan. Bayan aiki akwai abin da ake sakawa a rigar mama, ni da farko auduga na cusa a tsohuwar safa mai laushi na ɗinke, ba wanda ya taɓa ganewa.

Yarinyar nan ta kicin kuma dan Allah a duba ta. A zaunar da ita a gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ana magani, kuma ba laifin kowa ba ne. A samo wata gwaggo ko inna ta karɓi girkin ko na kwanakin da suka fi tsanani ne, yarinya ta koma karatunta.

Mu da muka haɗu a ɗakin kemo muna da guruf a WhatsApp, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, akwai abin da ba za ta taɓa tambayarka ba amma za ta tambaye mu. In ta yarda ka yi min magana ta inbos. In ba ta yarda ba kada ka matsa, ka dai ce mata akwai wata da ta ce tana gaishe ta.

---

Ma'aji_Set98:

Allah ya ba ta lafiya. Ni na riƙe kuɗin jinyar wani abokin karatunmu da ya yi fama da kansar hanji, kuma ba mu sa hotonsa ko'ina ba, saboda haka Sarkin_Online ba dole sai da bidiyo ba.

Bidiyo kuɗin sati ɗaya yake kawowa. Ranar farko alat ta ko'ina, kwana uku an samu wani sabon abin kallo an wuce wurin, ku kuma jinyar shekara ce a gabanku. Abin da ya riƙe mu alƙawarin wata-wata ne daga mutanen da suka san shi. Ka zauna da biro ka rubuta da'irorin da Yaya take ciki: malaman makarantarsu, ƙungiyar malamai, 'yan ajinsu na kwaleji, matan islamiyyarsu, 'yan adashinta, dangin uwa, dangin uba, 'yan layin kasuwar mijinta, masallacin unguwa, da tsofaffin ɗalibanta waɗanda yanzu wasu sun zama mutane. A kowace da'ira ka nemi mutum ɗaya da ake jin maganarsa, shi zai yi magana ba kai ba. Mutum 100 in kowa ya ɗauki dubu biyar duk wata, rabin miliyan kenan duk wata, kuma dubu biyar ba ta gagari mai albashi ba in ya san wa yake ba wa. Amma fa da izininta, ka karanta mata sunayen, inda ta ce a'a a tsallake.

Akawun kuma kada ka yi amfani da naka na kullum. Ba don ba ka da amana ba, don kada kuɗin cefanenka ya gauraya da na magani ka kasa bayani. A buɗe na musamman, mutum biyu ko uku su san abin da ke shiga da fita, ɗaya daga dangi ɗaya daga waje, mu limamin unguwa muka sa a na uku. Ka lura da ƙananan akawun ɗin nan na waya da ake buɗewa da lamba kawai, na matakin farko ba ya riƙe sama da dubu 300, sai kuɗi su fara komawa wa masu turowa, a ɗaga matakinsa tun kafin a raba lambar. In akwai 'yan uwa a waje kuma suka ce GoFundMe, shafin nan na tara gudummawa a intanet, ba a cire kuɗinsa daga Najeriya, sai wanda ke zaune irin su Ingila ko Amurka ya buɗe da sunansa ya turo, to ya zama wanda kuka yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Sannan rasit, rasit, rasit. Duk ranar kemo in an dawo sai in ɗauki hoton rasit in rufe sunansa da lambar fayil in tura guruf: an samu kaza, an kashe kaza, saura kaza, na gaba ranar kaza. Wallahi duk ranar da na tura wannan sai wani da ya yi shiru ya turo nasa. Mutanenmu ba rowa ce da su ba, an cuce su ne da yawa. In babban mutum ya ce zai taimaka amma yana shakka, ka ba shi takardar likita ka ce ya biya kai tsaye a asusun asibiti ko famasi ya karɓi rasit, masu kuɗi sun fi son haka.

Kada ka raina wanda ba shi da kuɗi. Wani mai adaidaita a layinmu shi ya ɗauki nauyin kai shi asibiti da dawo da shi, samarin majalisa suka ba da jini, wani ya ba mu ɗaki a garin da aka yi gashi. In ka lissafa wannan da kuɗi ya fi abin da wasu alhazan suka bayar.

Abu ɗaya da za ku yanke tun yau a rubuta: in kuɗi suka yi saura, ko ta warke ko Allah ya yi ikonsa, ina za su? Mu mun rubuta rabi na karatun yaransa rabi a ba wani mara lafiya a wodin. Magana ce mara daɗi amma ita ke raba zumunci in ba a yi ta da wuri ba.

---

Bassakkwace:

Allah shi ba ta lafiya. Abin da munka yi lokacin jinyar innarmu, zakka munka nema. Mutane na ganin zakka sai almajiri, alhali wanda jinya ta cinye mai dukiya har ya ci bashi yana cikin kashi takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta lissafa, ko ta fuskar talauci ko ta bashi. Nan Sakkwato hukumar zakka da waƙafi na taimakon marasa lafiya, ku ma Kano kuna da hukumar Zakka da Hubusi, ka kai takarda. Kuma 'yan kasuwa da yawa na fidda tasu wajen Muharram ko azumi, a samu malamin da suka yarda da shi shi yi musu magana tun kafin su rabar. Wagga hanya ba ta da tonon asiri ko kaɗan, daga mai bayarwa sai malam sai ku.

Addu'a da tofi a yi ta yi, amma kada a bar wani shi ce a dakatar da na asibiti a gwada nashi wata guda. Kuɗin da munka kashe wurin masu wanga zance da sun biya kemo biyu.

---

Autan_Hajiya ya rubuta:

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Sarkin_Online na gode amma bidiyo dai an bar shi.

Anti Maman_Ilham na karanta mata naki daren jiya, ban ce komai ba na ce Yaya ji wani abu da na gani. Da na zo wurin askin nan sai da ta yi murmushi, ta ce wace ce wannan. Ta ce in ba ki lambarta amma wai ba kira ba, saƙo tukunna. Sunayen ma mun rubuta tare, ta cire dangin mijinta na ƙauye ta ce su a bari sai an yi aiki, ta kuma ƙara wasu ƙawayenta na kwaleji da ni ban ma san su ba. Hedimastansu ya ce shi zai yi wa malamai magana.

Sista tambaya ɗaya, in kuɗin bai haɗu ba kafin ranar, akwai matsala in an ɗaga kemon da sati biyu ko uku? Kuma tun jiya jikinta da ɗan zafi, mun ba ta farasitamol.

---

Sista_Wodi:

Na biyun ya fi gaggawa. Mai kemo in jikinta ya yi zafi ba a jira, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa ruwan, lokacin ne sojojin jini suke ƙasa sosai, ƙaramin ciwo sai ya zama babba cikin awoyi. Ku auna da ma'aunin zafi, in ya kai 38 ko tana rawar sanyi ku tafi imajensi yanzu ko da tsakar dare ne, ku faɗa musu tun daga ƙofa cewa tana kan kemo da ranar da aka yi na ƙarshe. In ba ku da ma'aunin ma ku tafi kawai. Farasitamol ɓoye zazzaɓin yake yi, kada a ƙara mata sai an gan ta, kuma kada a tsaya kemis a ce maleriya ce.

Ɗaga kemo kuma ba ku za ku yanke ba, likita ne. Shi kansa yakan ɗaga in jini bai hau ba, amma tsallake-tsallake saboda kuɗi yana rage amfanin maganin. Ku je ranar da aka ba ku ko kuɗin bai cika ba, ka gaya wa likitan da nas ɗin da ke kula da ɗakin gaskiyar abin da ke hannunku, ka wuce sosiyal da takardar. Ka taho da katinta, sakamakon gwajin naman, da duk rasit ɗin baya a leda ɗaya.

Yanzu dai ajiye wayar ka je ka auna ta.